Wayar da ke warkewa idan injiniya ya iso: nazarin matsalar layin SIP a wani kamfani a Sakkwato

Yadda wurin yake: Nuwamba 2023 zuwa Janairu 2024

Kamfanin na sarin kayan masarufi ne: shinkafa, sukari, taliya da man girki. Babban ofishinsa da sito suna cikin garin Sakkwato, ba nisa da babbar kasuwa, yana kuma da reshe a Illela da wani a Tambuwal. Yawancin cinikin a waya ake ƙulla shi. Mai shago a Gwadabawa ko Bodinga zai bugo ya ji farashin yau, ya ce a ɗora masa buhu kaza a mota, ya tura kuɗi ta banki, shi ke nan.

An daɗe ana wannan da wayoyin hannu na ma'aikata, har ya zama duk yaron da ya bar aiki sai ya tafi da lambar da 'yan kasuwa suka sani. A Nuwamba 2023 mai kamfanin, wanda kowa ke kira Alhaji, ya sa aka kafa tsarin waya na ofis mai lamba ɗaya. Aka ajiye ƙaramar kwamfuta mai manhajar Asterisk a matsayin uwar wayoyi, wadda masu sana'ar ke kira PBX, aka jona mata wayoyin tebur 14. Daga wani kamfanin sadarwa aka karɓi layin SIP mai ɗaukar kira 10 a lokaci guda. Babu igiyar waya ko ɗaya da ta shigo ginin, duk kira ta intanet yake shiga ya fita.

Akwai abu ɗaya game da irin wannan layi da sai an riƙe shi kafin a fahimci abin da ya biyo baya. Kira guda hanya biyu yake bi. Saƙonnin SIP su ne masu cewa ga kira, an ɗauka, an ajiye, kuma galibi ta ƙofa mai lamba 5060 suke wucewa. Muryar kanta tana tafiya daban, cikin ƙananan ƙunshi da ake kira RTP, ta wasu ƙofofin, waɗanda a Asterisk aka saba barinsu tsakanin 10000 da 20000. Saboda haka waya na iya ƙara a ɗauka amma ba a ji kowa ba, kuma ana iya jin juna sarai amma kiran ya mutu don wani saƙo bai iso ba.

Intanet ɗin ofishin ta rediyo ne, eriya a kan rufi tana kallon hasumiyar kamfanin da ke ba su sabis, da adireshin IP tsayayye. Saukewa megabit 20, aikawa megabit 5. Wuta kuwa daga ta gari sai janareta, da UPS, wato batirin da ke riƙe na'urori idan an ɗauke wuta, a ƙarƙashin akwatin na'urori. A kan wannan intanet ɗin ne kuma kyamarorin tsaro 8 na sito suke.

Wata biyu ba a ji ƙorafi ba. A tsakiyar Janairu 2024 aka kawo wuta da ƙarfi ta ƙone rauta, wato na'urar da ke haɗa ofishin da intanet. Wani mai gyara da ke kusa ya kawo sabuwa mai ɗaukar layin intanet biyu, ya ƙara mata modem na 4G don ta riƙa komawa kansa idan rediyo ya faɗi. Ya gwada, intanet na aiki, waya na ƙara, aka biya shi ya tafi. Wanda ya kafa tsarin wayar bai san an yi wannan canji ba.

Fabrairu: ƙorafin farko

'Yan kasuwa suka fara kiran manaja a wayarsa ta hannu suna cewa lambar ofis ba ta shiga. Wasu shiru suke ji har kiran ya katse, wasu a ce musu ba a samun lambar. Jefi-jefi kuma wani ma'aikaci ya ce yana tsakiyar magana layi ya yanke. Kowa da kalma ɗaya yake kwatanta abin: netwok ne.

Duk lokacin da aka kira injiniya ya zo, abin da yake yi ɗaya ne, kuma kowane mai gyara haka zai yi. Zai ɗauki wayar tebur ya buga wa wayarsa ta hannu, ta yi ƙara. Sai ya juya ya bugo lambar ofis daga tasa, ita ma ta shiga. Ya auna gudun intanet, ya ga lambobin da aka saya cif. Ya kashe PBX da rauta ya kunna, ya tafi. Ranar sai ta wuce lafiya, ko rabinta.

Har manaja ya mayar da abin raha. "Injiniya, wagga waya tsoronka taka ji. In kaz zo ta warke, in kat tahi ta koma."

11 zuwa 24 ga Maris: azumi, igiyoyin teku, da kashe kuɗi

An ɗauki azumi ranar Litinin 11 ga Maris. Ga mai sayar da sukari da shinkafa wannan ne watan da ba a wasa da shi, kira ya ninka, ƙorafi ma haka. Sabon abu kuma ya ƙaru: da yamma murya na tsinkewa, kalma ta zo rabi ta ɓace rabi, har a yi gardama kan buhu sha biyar aka ce ko hamsin.

Ranar 14 ga Maris igiyoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Intanet ta yi rauni a Najeriya, manhajojin wasu bankuna suka tsaya. A ofishin kowa ya ce to ga dalili nan. Aka daina bincike ana jiran a gyara teku. Da intanet ta daidaita, banki ya dawo, WhatsApp na tafiya, wayar ofis na nan yadda take.

Daga nan aka shiga gwaje-gwaje. An kai ƙara ga kamfanin layin SIP, suka duba suka ce rajistar PBX, wato sanarwar da take aika musu cewa ga inda za a same ta, tana nan daram a wajensu, kuma kiran da suka turo ne ba a amsa ba daga ɓangaren ofis. An kai ƙara ga masu rediyo, suka ce siginar eriyar tana da kyau, suka ba da shawarar a ƙara gudu. Aka ƙara, saukewa ya koma megabit 40, aikawa ya tsaya a 5 ɗinsa, don haka kunshin da aka saya yake. An sauya wayoyin tebur huɗu da aka fi zargi. An sauya tsarin matse murya daga G.711 zuwa G.729 don a rage cin data, muryar ta ƙara sirancewa kawai. An kashe SIP ALG a rauta, wato dabarar da ke sa rauta ta riƙa taɓa adireshin da ke cikin saƙonnin SIP, wadda kusan duk mai wannan sana'a zai ce a fara kashe ta. Ba a ga bambanci ba, amma aka bar ta a kashe. An kuma saita PBX ta riƙa kashe kanta ta kunna kowace asuba.

Lissafin gudu tun farko bai goyi bayan ƙarin ba. Kira ɗaya na G.711 kilobit 64 ne a daƙiƙa, idan aka haɗa da kan ƙunshi ya kai kusan 87. Kira 10 a lokaci guda bai cika megabit ɗaya ba. Da G.729 kira ɗaya kusan kilobit 31 ne.

25 ga Maris: an ajiye littafi

A makon uku na azumi aka daina taɓa saiti aka koma rubutu. Kowane tebur aka ba shi takarda mai gida biyar: lokaci, lambar wanda ake magana da shi, shi ya bugo ko mu muka buga, me aka ji, tsawon nawa aka yi kafin abin ya faru. Aka ce agogon da ke fuskar wayar tebur za a duba, ba na hannu ba, don shi ne ya yi daidai da na PBX.

Takardun ranar farko ba su amfana komai ba, duk "layi ya lalace" aka rubuta. Sai aka sauƙaƙa gida na huɗu ya koma zaɓi uku da za a yi wa alama: bai shigo ba, ya yanke, murya na tsinkewa. Idan na uku ne, a ƙara wane ne ba ya jin wani.

Kiran da bai shigo ba shi ne mai wuyar rubutawa, tunda ba wanda ya san an yi shi. Aka yi masa dabara biyu. Duk ɗan kasuwar da ya bi ta wayar manaja yana ƙorafi, a roƙe shi ya duba wayarsa ya faɗi ƙarfe nawa ya buga. Sannan akawun reshen Tambuwal ya riƙa bugo lambar ofis daga wayarsa a kan kowace awa, da sharaɗin kada kowa a ofis ya buga waje don gwaji kafin lokacin.

Maigadi, wanda shi ke tada janareta, aka ba shi nasa littafin: ƙarfe nawa aka ɗauke wuta, ƙarfe nawa ya juya layi, ƙarfe nawa aka dawo da ita. A kan PBX kuma aka bar manhajar sngrep tana kama duk saƙon SIP da ya shiga ko ya fita, aka bar ping, wato ɗan saƙon gwaji mai auna lokacin kai da komowa, yana zuwa adireshin kamfanin layi kowace daƙiƙa yana rubuta sakamako da lokaci.

Bayan mako guda aka shimfiɗa takardun a tebur ɗaya. Alamomin uku ba su taɓa taruwa a lokaci ɗaya ba. Kowace da lokacinta.

Farkon Afrilu: kiran da ba ya shigowa

Wannan ya fi yawa da sassafe kafin ciniki ya kankama, da bayan sallar Azahar, da bayan an sauko Juma'a. Wato duk lokacin da waya ta ɗan yi shiru. A irin waɗannan mintoci sngrep bai nuna komai ba. Saƙon INVITE, wanda shi ne sallamar kira, bai iso PBX ba sam, ko da yake kamfanin layi na da shaidar sun aiko shi. Tsakanin su biyun rauta ce kawai.

PBX tana bayan rauta da adireshin cikin gida, ba a ganinta daga waje. Idan ta aika saƙo waje, rauta na rubuta wa kanta cewa amsar da za ta zo daga adireshi kaza ta ƙofa kaza ta PBX ce. Wannan rubutu ba ya daɗewa. A sabuwar rautar, idan aka yi minti uku babu abin da ya wuce, sai ta share shi. Ita kuwa PBX sau ɗaya a daƙiƙa 3600 take sabunta rajista, awa guda ke nan. Kamar maigadin da ke buɗe wa baƙo ƙofa ne muddin ya tuna wani daga cikin gida ya fita nemansa, da ya manta sai ya ce bai san da zancen ba. A wajen kamfanin layi rajista na da rai, a wajen rauta ƙofa a rufe.

Nan aka gane dalilin rahar manaja. Kiran gwajin da injiniya ke fara yi zuwa wayarsa ta hannu shi ne ke sake buɗe ƙofar, tunda rautar na riƙe lambar 5060 yadda take. Kiran da ya biyo baya daga waje sai ya tarar da hanya. Kashewa da kunnawa ma haka, sabuwar rajista ce ke buɗe ta. A ranar da ciniki ya yi zafi kuwa ƙofar ba ta samun minti uku na shiru balle ta rufe.

Da aka nemo takardar saitin farko, sai ga shi tsohuwar rauta na da umarnin tura duk abin da ya zo ƙofar 5060 daga adireshin kamfanin layi kai-tsaye zuwa PBX. Umarnin ya ƙone tare da ita. A ranar ne wanda ya kafa tsarin ya fara jin labarin canjin Janairu.

Gyaran da aka yi: PBX ta riƙa aika wa kamfanin layi saƙon OPTIONS, wato ɗan saƙon "kana nan?", kowace daƙiƙa 30 don kada hanyar ta yi shiru, aka kuma rage tazarar rajista. An fara gwada daƙiƙa 60, kamfanin layi ya mayar da amsa mai lamba 423, ma'ana tazarar ta yi gajarta. Aka tsaya a 120. Washegari duk kiran akawun Tambuwal ya shiga.

Makon ƙarshe na azumi: yankewa a daƙiƙa 32

Kwana biyu da wannan gyara, yankewar kira, wadda da jefi-jefi ce, ta zama ruwan dare. Akwai yinin da daga hantsi har Azahar duk kiran da ya shigo sai ya mutu. Ana jin juna tangaram, ana cikin gaisuwa ko an fara jero kaya, sai ɗif. Ma'aikata sun rubuta "kamar rabin minti". Kundin kira na PBX ya nuna 31 ko 32 a kowane layi.

Wannan lamba sananniya ce. Idan kira ya shigo aka ɗauka, PBX na aika saƙon 200 OK, ma'ana an ɗauka, ɗaya ɓangaren ya mayar da ACK, ma'ana ya ji, sannan kiran ya tabbata. Idan ACK bai zo ba, PBX na maimaita 200 OK bayan rabin daƙiƙa, sai bayan ɗaya, biyu, huɗu, ta ci gaba da huɗu-huɗu. Ƙa'idar SIP, wato RFC 3261, ta ce a haƙura bayan sau 64 na ma'aunin T1, shi kuma T1 milisakan 500 ne. Daƙiƙa 32 ke nan. A fuskar sngrep haka abin ya fito: jerin kibau na 200 OK suna fita ɗaya bayan ɗaya, babu ko ɗaya da ya dawo, a ƙasa sai BYE, saƙon ajiye waya, daga PBX. Ba kamfanin layi ke yanke kiran ba, PBX ce da kanta.

Ina ACK ɗin ke zuwa? A cikin 200 OK akwai layin Contact, inda PBX ke faɗin adireshin da za a same ta. An rubuta mata adireshin rediyo tsayayye tun Nuwamba, shi take faɗa kullum. Amma teburin rauta, inda take rubuta hanyoyin da ke buɗe, ya nuna saƙonnin SIP ta modem na 4G suke fita. Kamfanin layi na turo INVITE ta inda ya ga rajista ta fito, wato 4G, sannan ya aika ACK inda Contact ya ce, wato rediyo, inda babu ƙofar da ke jiransa.

Littafin maigadi ne ya nuna abin da ke kai su 4G. Kowane jerin yankewa ya fara ne jim kaɗan bayan an juya wuta, daga ta gari zuwa janareta ko akasin haka. PBX da rauta da swic, wato na'urar da ake jona kebul-kebul na ofis, duk suna kan UPS, ba su taɓa mutuwa ba. Aka bi kebul ɗin eriya daga rufi zuwa ƙasa. Bai shiga akwatin na'urori kai-tsaye ba, ya biya ta wani ɗan ɗaki a bene, bayan tarin kwalayen rasit, inda ƙaramin baƙin akwatin da ke ba eriya wuta yake a soket na bango, tare da cajar wani. Duk ƙiftawar wuta sai rediyo ya mutu, ya ɗauki kusan minti biyu kafin ya sake kama hasumiya. A cikin minti biyun rauta ta koma 4G. A Afrilu, da zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato, juya wutar ya fi na kowane wata yawa.

Saura tambaya ɗaya: rediyo na dawowa cikin minti biyu, me ya sa yankewar ke kai awanni? Rautar na barin kowace hanya a kan layin da ta fara, har sai ta yi shiru an share ta. Kafin gyaran farko, hanyar SIP kan yi shiru ta mutu da kanta, sabuwa ta fita ta rediyo, kuma ba kasafai rajistar awa-awa ke faɗawa cikin minti biyun ba. Bayan gyaran, OPTIONS na kowace daƙiƙa 30 ya hana ta mutuwa. Da ta faɗa 4G sai ta zauna can. Muryar kuwa kowane kira sabuwar hanya take buɗewa, ta bi rediyo daidai da adireshin da aka faɗa, shi ya sa ake jin juna sarai har lokacin yankewa.

Kafin a kai ga gyara na dindindin, aka nuna wa manaja yadda zai share teburin rauta duk lokacin da maigadi ya juya wuta. Da haka aka ƙarasa cinikin jajibirin sallah.

Daga takardun azumi: muryar da ke tsinkewa

Alama ta uku tsakanin La'asar da kusan shan ruwa take, kuma gefe ɗaya ne. Ma'aikata na jin 'yan kasuwa lafiya, 'yan kasuwa ne ba sa jin ma'aikata. Abin da ke fita daga ofis ne ke wahala.

Ping da safe yana kai da komowa cikin kusan milisakan 40. A waɗancan awanni yana haura 700, ana kuma rasa uku zuwa huɗu cikin ɗari na ƙunshi. Shawarar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ce jinkirin murya a tafiya ɗaya kada ya wuce milisakan 150 idan ana son magana ta tafi daidai, kuma da asara ta haura ɗaya cikin ɗari kunne na fara ji. Jadawalin rauta ya nuna aikawa ya manne a megabit 5, layi miƙaƙƙe, duk daga na'urar kyamarori.

Alhaji kan koma gida bayan La'asar a watan azumi. Daga can yake buɗe kyamarorin sito takwas a kwamfutar hannu, a mafi kyawun hoto, ya jingine ta yana kallon lodi. Bidiyon na cika bututun aikawa, ƙunshin murya su shiga layi a bayansa. Duk awon gudun da aka yi a baya da safe aka yi shi.

Faɗa masa ya fi gano abin wuya, manaja ne ya ɗauki nauyin. "Ranka shi daɗe, ba cewa aka yi a bar kallo ba. Hoton ne za a rage wa nauyi, motoci da buhuna duk za ka gan su." Alhaji ya ce in dai zai iya ƙirga buhu, a yi.

Hutun ƙaramar sallah: gyara

An yi sallah ranar Laraba 10 ga Afrilu. Ofis na rufe, aka samu damar yin aikin ba tare da an katse wa kowa kira ba.

Akwatin wutar eriya aka sauko da shi cikin akwatin na'urori, kan UPS. Aka umarci rauta cewa duk abin da ke tsakanin PBX da kamfanin layi ta rediyo kaɗai zai bi, ko rediyo na aiki ko ba ya yi. Adireshin da modem na 4G ke samu yana farawa da 100.64, irin wanda kamfanin waya ke raba wa mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya, babu yadda za a yi PBX ta ce ga inda za a same ta. An duba yiwuwar haƙa ramin VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya a cikin intanet, zuwa wata sabar mai adireshi tsayayye don murya ta iya bin kowane layi, aka bar shi saboda kuɗin wata-wata da ƙarin jinkiri. A maimakonsa aka nemi kamfanin layi ya riƙa karkatar da kira zuwa wata wayar hannu ta ofis duk lokacin da rajista ta faɗi. Kwamfutoci da na'urar POS suna ci gaba da komawa 4G kamar da.

An mayar da umarnin ƙofar 5060, amma daga adireshin kamfanin layi kaɗai. Buɗe ta ga duniya gayyatar masu laluben PBX ne, waɗanda ke shiga su buga ƙasashen waje cikin dare a bar mai layi da bashi.

Kyamarori aka saita su aika ƙaramin hoto ga mai kallo daga waje, babban ya tsaya a na'urar ajiya. A rauta aka ƙayyade aikawa a megabit 4.3, ƙasa kaɗan da abin da rediyo ke ɗauka, don layin jira ya taru a rautar da ake iya sarrafawa maimakon cikin eriya. Aka ware wa murya megabit ɗaya a sahun gaba, da alamar DSCP 46, wadda ake sa wa ƙunshi don a ba shi fifiko. Aka koma G.711, aka cire kashe-kunnan asuba.

Mayu zuwa Yuni: abin da aka gani

Akawun Tambuwal ya ci gaba da bugowa a kan awa har ƙarshen Mayu, babu wanda bai shiga ba. Kundin kira bai sake nuna jerin 32 ba. Ping da yamma, Alhaji na kallo, bai wuce milisakan 60 ba. A Yuni iskar farkon damina ta karkatar da eriya, rediyo ya faɗi rabin yini. Cikin 'yan mintoci kira ya koma wayar hannu kamar yadda aka tsara, da aka daidaita eriyar PBX ta sake rajista da kanta.

Hukunci

Cuta uku ce aka yi wata biyu ana kira da suna ɗaya. Biyu daga canjin rauta na Janairu suka fito, ta ukun kuma tana nan tun ranar da aka ɗora kyamarori da waya a kan megabit 5 ba tare da an ce wa zai fara wucewa ba, azumi ne kawai ya fito da ita. Duk abin da aka gwada a Maris ya faɗi ne don an yi shi a kan "netwok", ba a kan wata alama takamaimai ba. Ƙarin gudu ya tafi ɓangaren saukewa da ba shi da laifi. Wayoyi huɗun da aka cire lafiyarsu ƙalau, suna cikin kwali a sito. G.729 rage kaya ne a kan hanyar da ba nauyin murya ya cika ta ba. Kashewa da kunnawa ya fi su duka ɓarna, don yana share shaidar da ake nema, yana kuma ba da lafiyar rabin yini da ke sa a ɗauka an gyara.

Kamfanin layi da masu rediyo duk gaskiya suka faɗa, kowa iya abin da yake hangowa daga nasa ɓangaren. Lalacewar igiyoyin teku ma ta faru, amma ƙorafin ya riga ta da wata guda, kuma da akwai takarda mai kwanan wata a lokacin, da ba a zauna jiranta ba.

Mai gyaran Janairu bai yi aikin banza ba, abin da aka kira shi ya yi, intanet ta dawo. Babu takarda a jikin akwatin da za ta gaya masa akwai umarnin da waya ta dogara da shi. Yanzu akwai, manne a bayan ƙofar akwatin, da kwafin saitin rauta a wajen manaja.

A ganina littafin maigadi ya fi sngrep amfani a matsala ta biyu. Manhajar ta nuna ACK ba ya zuwa, amma ba za ta taɓa nuna soket ɗin da ke bayan kwalaye ba. Haka kuma tsarin gwajin Tambuwal, kira daga waje ba tare da an fara bugawa daga ciki ba, shi ya kama ta farko, kuma da shi ya kamata a fara duk lokacin da aka ce kira ba ya shigowa.

Akwai abin da bai warware ba. Murya na kan rediyo ɗaya tak. Idan ya faɗi, layin da ke ɗaukar kira 10 ya koma wayar hannu mai ɗaukar ɗaya, babu tura kira zuwa wani tebur, babu kundi. An karɓo farashin jawo layi na biyu mai adireshi tsayayye daga wani kamfanin daban, Alhaji ya ce a bari sai an ga yadda damina za ta kasance.